Wa Zai Tsaya wa Injiniya? Tarihin Yadda Digiri Ya Fara Ƙetare Iyaka

Wyoming jiha ce mai ƙarancin ruwan sama a yammacin Amurka. A farkon ƙarni na 20, duk manomin da ke son jan ruwa daga kogi zuwa gonarsa sai ya nemi izinin hukuma, takardar neman izinin kuma dole ta zo da taswirar inda za a haƙa magudana da filin da za a shayar. Babban injiniyan jihar, Clarence Johnston, shi ke duba taswirorin nan. Bai daɗe ba ya gane cewa da yawansu lauyoyi ne suka zana su, ko masu buga wa takardu hatimi, ko wasu can da ba su taɓa riƙe kayan awon safiyo ba, amma kowa ya sa hannu a matsayin injiniya. Babu dokar da ta hana. Johnston ya matsa wa majalisar jihar lamba har a 1907 ta yi dokar da ta wajabta wa injiniyoyi da safiyo yin rajista, ta farko a irinta a Amurka. Wani Charles Bellamy ne ya karɓi lasisi na ɗaya. Sai da aka shekara 40 kafin jiha ta ƙarshe a wancan lokaci, Montana, ta bi sahu a 1947.

A shekarar ta 1907 ɗin, can arewa maso gabas, ana gina wata gada a kan kogin St. Lawrence kusa da birnin Quebec na Kanada, wadda aka yi niyyar ta zarce kowace irinta a duniya. Mai ba da shawara a kan aikin, Theodore Cooper, dattijo ne da sunansa kaɗai ya isa shaida a harkar gada. Shi ya ƙara tazarar tsakiyar gadar daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800, amma ba a sake lissafin nauyin ƙarfen yadda ya kamata ba. Rashin lafiya ta sa yana zaune a New York yana lura da aikin ta wasiƙa. A watan Agusta wani matashin injiniya da ke wurin, Norman McLure, ya ga wasu manyan ƙarafa na ƙasan gadar sun fara lanƙwashewa. Ya rubuta, aka yi ta musu a kan ko tun daga masana'anta suka zo a haka. Daga ƙarshe ya hau jirgin ƙasa zuwa New York ya gaya wa Cooper baki da baki. Cooper ya aika wa kamfanin telegiram cewa kada a ƙara wa gadar nauyi. Saƙon bai isa bakin kogi ba. Da yammacin 29 ga Agusta, dab da tashi daga aiki, gadar ta rufta cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Mutum 75 suka mutu, 33 daga cikinsu 'yan ƙabilar Mohawk ne na ƙauyen Kahnawake, ƙauye ɗaya tak. Da aka sake ginin, a 1916 tsakiyar gadar ta suɓuce ana ɗaga ta, wasu 13 suka tafi.

A farkon shekarun 1920 lardunan Kanada suka shiga yin dokokin sana'ar injiniya, a 1925 kuma aka fara bikin rantsuwar da ake sa wa sabon injiniya zoben ƙarfe a ƙaramin yatsan hannun da yake aiki da shi. Ana yawan cewa daga ɓaraguzan gadar Quebec aka ƙera zobban farko. Labari ne mai daɗi, amma ba gaskiya ba ne.

Kusan duk inda ka bi tarihin lasisin injiniya za ka tarar ihu ne bayan hari. A California, William Mulholland ya fara ne da share magudanan ruwa, ya koya wa kansa lissafi da ilimin ƙasa daga littattafai, har ya zama shugaban hukumar ruwan Los Angeles, ya jawo wa birnin ruwa daga nisan fiye da mil 200. Ranar 12 ga Maris 1928 da safe ya duba madatsar ruwa ta St. Francis da ya gina, ya ce lafiya lau take. Kafin tsakar dare ta fashe, ta kashe mutum sama da 400. Shekara na zagayowa California ta kafa hukumar rajistar injiniyoyin gine-gine. A Texas kuwa makaranta ce, a garin New London: an jona bututun iskar gas mara wari, ta taru a ƙarƙashin ginin, ranar 18 ga Maris 1937 tartsatsin wani inji ya tayar da ita, yara da malamai kusan 300 suka hallaka. A shekarar Texas ta yi dokar rajistar injiniyoyi, ta kuma wajabta sa wa gas wari.

Sai dai da zarar hukuma ta ce ba kowa ne injiniya ba, ta ɗauko wa kanta tambayar da ta fi ta farko wuya: to wane ne? Da me za a auna? A nan duniya ta riga ta rabu tun ƙarni ɗaya ko biyu kafin Johnston.

Faransa ta ce makaranta. Tun 1747 ta kafa makarantar gadoji da hanyoyi, a 1794 ta ƙara da École Polytechnique, inda ake shiga da jarrabawa mai tsanani, a sha lissafi har wuya, a fito ma'aikacin gwamnati mai muƙami. Ingila ta ce aiki. A can yaro yakan biya kuɗi ya zauna a ofishin wani gogaggen injiniya shekaru, yana kwafar zane, yana bin maigidansa wurin gini, har a yarda ya iya. A 1818 wasu matasan injiniyoyi suka haɗu a wani shagon shan gahawa a Landan suka kafa Cibiyar Injiniyoyin Gine-gine, suka ɗauko Thomas Telford, wanda shi kansa da sassaƙar dutse ya fara, ya zama shugabansu a 1820, a 1828 suka sami takardar amincewar sarauta. Shaidar Ingila ke nan: ƙungiyar 'yan sana'a ce ke cewa wane namu ne, gwamnati na gefe. Jamus ta bi hanyar manyan makarantun fasaha, a 1899 Sarki Wilhelm na Biyu ya ba na Prussia ikon ba da digirin Diplom-Ingenieur da na dakta, domin a daina yi wa injiniya kallon ƙanin likita da lauya. Mutum uku daga ƙasashen nan uku za su iya gina gada iri ɗaya, amma kowanne in ya dubi takardar ɗan'uwansa ba zai ga abin da ya saba gani ba.

Amurka ta ɗebi wani abu daga kowanne, sai makarantun injiniya suka yi mata yawa, masu kyau da na jeka-na-yi-ka. Hukumomin lasisi na jihohi suka fara fitar da nasu jerin makarantun da suka yarda da su, kowace jiha da nata. Don a kauce wa wannan ruɗani ne ƙungiyoyin injiniyoyi da malamai da masu ba da lasisi suka haɗu a 1932 suka kafa wata majalisa, ECPD, wadda ta fara tantance kwasa-kwasai a 1936. Ita ce ta koma ABET a 1980. Abin lura shi ne ba jami'a ake tantancewa ba, kwas ɗaya ne a cikinta: sashen lantarki na iya tsallakewa, na injina a gini ɗaya ya faɗi. Faransa ma a 1934 ta kafa hukumar CTI, ta hana kowace makaranta ba da laƙabin injiniya mai digiri sai da izininta. Kowace ƙasa dai ta gyara cikin gidanta. Batun baƙo bai taso ba tukuna.

Inda ya taso shi ne ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, kuma ta hanya ɗaya yake tafiya. Takardar Landan tana ci a Legas da Kalkata, takardar Legas ba ta ci a ko'ina. Herbert Macaulay ya tafi Plymouth a 1890 ya koyi aikin injiniya da safiyo a kan tsarin Ingila, ya dawo a 1893 ya kama aikin gwamnati, ya ajiye shi a 1898. Da gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe Babbar Kwalejin Yaba a 1934, ta tsara ta ne don ta fitar da mataimakan injiniya da mataimakan likita. Karatun mai tsawo ne mai wuya, amma diflomar ba ta da daraja a wajen Najeriya, a cikin gida ma mai ita yana ƙarƙashin Baturen da bai fi shi sani ba. Fushin wannan na cikin abin da ya haifar da Ƙungiyar Matasan Legas a shekarar, su Ernest Ikoli da H. O. Davies da Samuel Akinsanya da J. C. Vaughan, wadda ta rikiɗe ta zama ƙungiyar siyasa ta ƙasa baki ɗaya. Mutane kan manta cewa rigimar darajar takarda na cikin tushen gwagwarmayar neman 'yancin Najeriya.

Da aka tashi gyarawa sai aka ari suna. A shekarun 1950 ɗaliban injiniya na Kwalejin Najeriya da ke Zariya digirin Jami'ar Landan suke karantawa, kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta gaji wurin a 1962. Ƙungiyar Injiniyoyin Najeriya ma a Landan aka kafa ta a 1958. Sai a 1970 doka mai lamba 55 ta kafa COREN, hukumar da ke rajistar injiniyoyi a ƙasar. 'Yanci ya ba sababbin ƙasashe ikon buga hatiminsu, amma ya raba su da hatimin da duniya ta sani.

Turai ce ta fara neman mafita tsakanin ƙasashe masu ji da kansu. A 1951 ƙungiyoyin injiniyoyinta suka kafa tarayyar FEANI, bayan dogon ja-in-ja kuma a 1987 suka fito da laƙabin EUR ING. Dabarar lissafin shekaru ce: a tara shekara 7, aƙalla 3 na karatu, aƙalla 2 na aiki, sauran 2 ko wanne. Da haka Bafaranshe mai dogon karatu da ɗan Ingila mai dogon aiki suka shiga ma'auni ɗaya. A Birtaniya kanta masana'antu na ta durƙushewa, kwamitin Monty Finniston ya ba da rahoto a 1980 cewa an wulaƙanta sana'ar, aka kafa Majalisar Injiniyoyi a 1981, ƙasar ta sami murya ɗaya da za ta yi magana da waje.

Wannan ne ya share fagen abin da ya faru a 1989. Hukumomi shida, na Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Ireland da New Zealand, suka sa hannu a kan abin da aka sani da Yarjejeniyar Washington. Ba shugabannin ƙasa ne suka sa hannu ba, babu majalisar dokokin da ta amince da ita, kuma ba ta da kotu. Abin da suka ce a taƙaice shi ne: mun duba yadda kowannenmu ke tantance kwasa-kwasansa, mun ga ba iri ɗaya ba ne amma sakamakon ya yi daidai a kan abubuwan da ke da muhimmanci, saboda haka wanda ya fito daga kwas ɗin da ɗayanmu ya tantance, sauran za su ɗauke shi kamar nasu ta fuskar karatu.

A nan ne sabon abu yake. Kafin lokacin, in baƙo ya zo, takardunsa ake bajewa a tebur ana ƙirga sa'o'in lissafi da na kimiyya, mutum ɗaya bayan ɗaya. Yanzu an bar bin ɗalibi, an bar bin jami'a ma, an koma bin mai tantancewa. Fataken goro na da sun san wannan: baƙo ya sauka a zangon Salaga ko Kumasi ba wanda ya san shi, amma ana ba shi kaya bashi saboda an san maigidan da ya sauke shi, an kuma san maigidan ba zai zubar da mutuncinsa a kan mutum ɗaya ba.

Yarda irin wannan ba a barin ta haka nan. Hukumar da ke son shiga sai mambobi biyu sun gabatar da ita, kashi biyu cikin uku su amince, ta zama mamba na wucin gadi. Daga nan a haɗa ta da masu yi mata jagora, ta yi shekaru tana gyara. In ta ce ta shirya, a turo tawaga daga wasu ƙasashe. Tawagar ba ta zo tantance jami'a ba. Tana zama a gefe ne tana kallon 'yan ƙasar suna tantance jami'arsu: shin sun buɗe takardun jarrabawar da aka riga aka maka, har da na ɗalibin da ya tsallake da ƙyar? Sun shiga ɗakin gwaje-gwaje sun sa an kunna injin, ko sun tsaya a bakin ƙofa? Sun keɓe da ɗalibai ba malami a ɗakin? Da suka ga aibi, sun rubuta shi, ko shugaban jami'a ya yi musu liyafa maganar ta mutu? Sannan tawagar ta bi rahoton har zauren da ake yanke hukunci, ta ga ko wani daga sama na iya juya shi. Zama cikakken mamba sai kowa da kowa ya yarda, ƙuri'a ɗaya ta isa ta hana. Wanda ya shiga kuma ana sake bincikarsa duk bayan shekara 6, har da waɗanda suka kafa ta.

Gaskiya dai, a farko kulob ne na masu jin Turanci da suka gaji al'ada ɗaya. Hong Kong da ta shiga a 1995 da Afirka ta Kudu a 1999 duk 'yan gida ne ta wannan fuska. Abin da ya buɗe ƙofar ga sauran duniya daga Amurka ya fito, kuma ba don baƙi aka yi shi ba. Kamfanoni sun daɗe suna kukan cewa ana turo musu matasan da suka iya warware lissafi amma ba su iya rubuta rahoto ko aiki da jama'a ba, shugabannin tsangayoyi kuma na kukan cewa ABET ta zama mai ƙirga sa'o'i, ba ta barin kowa ya gwada sabon abu. A 1997 ABET ta karɓi sabon ma'auni da aka fi sani da EC2000. Tambayar ta tashi daga me kuka koyar, ta koma me ɗalibinku ya iya ranar da ya fita, kuma ina hujja. Aka jera abubuwa 11: iya amfani da lissafi da kimiyya, iya tsara gwaji da fassara sakamako, iya ƙirƙiro abin da zai biya buƙata cikin iyakar kuɗi da tsaro, iya aiki cikin tawaga, sanin amanar sana'a, da sauransu. Yarjejeniyar Washington ta ɗauki wannan tafarki ta rubuta nata siffofin wanda ya kammala, ta sabunta su a 2013, sannan a 2021 tare da UNESCO da Tarayyar Ƙungiyoyin Injiniyoyi ta Duniya. Manhajar Tokyo da ta Toronto ba za su taɓa zama ɗaya ba, amma ana iya tambayar ɗaliban biyu abu ɗaya.

Japan ta kafa hukumarta, JABEE, a 1999, ta shiga a 2005, ta zama ta farko da ba da Turanci take koyarwa ba. Singafo ta biyo a 2006, Koriya ta Kudu da Taiwan a 2007, Malesiya a 2009, Turkiyya a 2011, Rasha a 2012. Indiya ta sha wuya. Ta samu matsayin wucin gadi a 2007, ta shekara 7 a bakin ƙofa, domin kwalejojinta dubbai ne, daga waɗanda duniya ke rububin ɗalibansu zuwa waɗanda allon suna ne kawai. Mafitar da aka samu a 2014 ita ce a raba su aji biyu, yarjejeniyar ta shafi ajin farko kaɗai, wato makarantun da ke da ikon tsara manhajarsu da jarrabawarsu. Sin, wadda ta fi kowace ƙasa yaye injiniyoyi, ta shiga a 2016, Pakistan a 2017, Peru a 2018. A gefe guda an yi wa masu karatun fasaha na shekara 3 tasu yarjejeniyar a Sydney a 2001, masu na shekara 2 kuma a Dublin a 2002.

Wanda ya duba jerin zai ga babban giɓi: babu Faransa, babu Jamus, babu Italiya. Ba gazawa ba ce. A 1999 ministocin ilimi na ƙasashe 29 suka sa hannu a Bologna a kan raba karatun jami'a gida biyu, digirin farko mai aƙalla shekara 3, sai na biyu. Ma'aunin Washington kuwa a kan digirin shekara 4 aka gina shi. Na shekara 3 ya gaza, na shekara 5 ya wuce. Hukumar ASIIN ta Jamus ta yi shekaru tana mamba na wucin gadi ba ta kai ga cikakke ba. Turai ta kafa nata tsarin a 2006 da tambarin EUR-ACE, wasu kamar Birtaniya da Ireland da Turkiyya suka riƙe ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Jamusawa da yawa har yau suna jin zafin rasa Diplom-Ingenieur, laƙabin da ya shekara ɗari yana buɗe ƙofa ba tare da wata yarjejeniya ba, wasu jami'o'in kamar ta Dresden ma sun ƙi sakin sa.

Akwai abin da ake yawan ruɗewa a kai. Yarjejeniyar ba ta ba kowa lasisi, ba ta ba da biza, ba ta ba da aiki. Karatu kawai ta shaida. Wanda ya je Kanada ko wata jihar Amurka sai ya cika sharuɗɗan hukumar wurin, ya yi shekarun aiki a ƙarƙashin mai lasisi, ya zauna jarrabawa. Amma rashinta na da tsada. Mai son ƙaura zuwa Ostireliya da digirin da yarjejeniyar ta shafa, takardunsa kawai zai tura. Wanda nasa ke waje sai ya zauna ya rubuta dogon bayani a kan ayyuka uku da ya taɓa yi, ya nuna sakin layi bayan sakin layi inda ya cika kowane sharaɗi. Har kasuwa ta buɗe ta masu rubuta wa mutane, hukumar kuma na kama masu kwafe tana dakatar da su.

Kuwait ta nuna yadda hatimin ke iya zama wuƙa. A watan Maris 2018 hukumar ƙwadagon ƙasar ta ce ba za a sabunta wa baƙon injiniya izinin zama ba sai da takardar Ƙungiyar Injiniyoyin Kuwait, ita kuma ta ce daga Indiya kwas ɗin da hukumar tantancewar ƙasar, NBA, ta tantance kawai ta sani. Dubban Indiyawa, wasu sun shekara 20 suna gina ƙasar, suka wayi gari takardunsu na lilo, tare da izinin zaman matansu da 'ya'yansu. Abin dariya da takaici, har da waɗanda suka fito daga cibiyoyin IIT, makarantun da suka fi kowanne daraja a Indiya, waɗanda ba su taɓa ganin buƙatar NBA ta tantance su ba. Sai da gwamnatocin biyu suka yi ta zama. A Oregon ta Amurka kuma, Mats Järlström, wanda ya yi digirin lantarki a Sweden, ya yi nazarin tsawon lokacin fitilar hanya mai ruwan ɗorawa bayan kyamara ta ci matarsa tara. Ya aika wa hukumar lasisin jihar lissafinsa yana kiran kansa injiniya, ita kuma ta ci shi tarar dala 500 saboda ba shi da lasisinta. Kotun tarayya ta ba shi gaskiya a ƙarshen 2018. Dokar da aka yi don kare jama'a takan koma kare kasuwar 'yan sana'a, kuma iyakar tsakanin biyun ba koyaushe take fitowa fili ba.

A Afirka tsohuwar rabuwar Landan da Paris ba ta gushe ba. Ƙasashe masu amfani da Faransanci sun riga kowa haɗa kai: a Yamai aka kafa majalisar CAMES a 1968, a 1972 suka amince a Lome da mutunta digirin juna. Cibiyar horar da injiniyoyi ta 2iE da ke Wagadugu, wadda ƙasashe 14 suka assasa har da Nijar da Chadi da Kamaru, ta nemi tantancewar CTI ta Faransa ta samu a 2009. Kenya da Tanzaniya da Uganda sun sa hannu a kan amincewa da injiniyoyin juna a 2012. Amma a Yarjejeniyar Washington, Afirka ta Kudu ta shafe fiye da shekara 20 ita kaɗai. Injiniya daga Maraɗi da takwaransa na Katsina, da harshe ɗaya suke magana da lebura a wurin gini, amma takardar ɗaya Paris take kallo, ta ɗayan Landan.

A watan Yuni 2023 aka karɓi COREN a Yarjejeniyar Washington a matsayin mamba na wucin gadi. Wasu sun yi murna kamar an gama, wasu suka ce ai hanyar ficewa ce aka ƙara wa matasa faɗi, za a ɗebe mana injiniyoyi yadda aka ɗebe likitoci. Tsoron na da tushe, amma ni ban ga hikimar riƙe mutum ta hanyar rage darajar takardarsa ba. Dabarar Yaba ke nan, an kuma ga abin da ta haifar. Amfanin da ya fi girma ma a cikin gida yake, domin tawagar waje za ta tilasta tambayoyin da muka saba kau da kai daga gare su: ɗalibi nawa ke kan injin gwaji ɗaya, ko akwai wuta ranar gwajin, me ɗalibi ya yi a watannin koyon aiki a masana'anta ban da cika littafin sa hannu, da yadda za a nuna karatu bai tawaya ba a shekara irin 2022 da yajin aikin malaman jami'a ya ci wata 8. Sabon ma'aunin ma da nasa ciwon, don yana iya zama tulin jadawalin da malami zai kwana yana cikawa ba tare da darasi ya sauya ba. Malaman Malesiya da Indiya sun san wannan kuka.

Matsayin wucin gadi bai ba ɗalibi komai. Indiya ta jira shekara 7, Pakistan ma haka, Sin ta yi a 3. Kuma ko ranar ta zo, amincewar ba ta komawa baya: hukumomi irin na Ostireliya daga shekarar da ƙasa ta zama cikakkiyar mamba suke fara lissafi. Wanda ya gama a Zariya ko Bauchi ko Minna kafin wannan shekara, komai ƙwarewarsa, zai ci gaba da rubuta bayanin ayyukansa uku, ƙaninsa da ya zauna a aji ɗaya a gaban malami ɗaya kuma ya tura takarda kawai.